Ƙaramar Kyamara Ta Aljihu Ko DSLR Ta Masu Farawa? Tambayoyi Da Amsoshi

Da wuya mako ya wuce ba a turo min hotunan kyamarori biyu ta WhatsApp an ce in zaɓi ɗaya ba. Ɗaya ƙarama ce mai shiga aljihun kaftani, irin su Sony RX100 ko Canon G7 X. Ɗayar kuwa babba ce baƙa, mai igiyar ratayawa a wuya, wadda ake kira DSLR, irin su Nikon D3500 ko Canon 2000D. Na gaji da maimaita magana ɗaya a saƙon murya, shi ya sa na tara tambayoyin da aka fi yi min a wuri guda. Na daɗe ina ɗaukar hoton biki da suna, kuma duka iri biyun sun kwana a jakata.

Wai mene ne ainihin bambancinsu, ban da girma?

Abu biyu ne. Na farko, gilashin gaba, wanda masu sana'a ke kira lens. Na DSLR ana kwance shi a ɗaura wani, na ƙaramar kuwa da shi aka ƙera ta, da shi za ta tsufa. Na biyu, yadda kake ganin abin da za ka ɗauka. A cikin DSLR akwai madubi da ke karkatar da haske zuwa tagar leƙe ta sama, saboda haka abin da idonka ke gani ta tagar nan shi ne zahirin abin da ke gabanka. Idan ka danna, madubin ya ɗaga, haske ya faɗa kan sensa, wato 'yar farantin lantarkin da ke kama hoton, ka ji ƙarar nan "ƙaras". Ƙaramar ba ta da madubi, a allon baya kake kallo, wasu kuma an sa musu 'yar tagar leƙe ta lantarki.

Kada a haɗa waɗannan ƙananan da 'yan kyamarorin da aka yi yayi kafin wayoyi su kashe musu kasuwa. Waɗanda muke magana a kansu suna da sensa babba, suna barin ka saita komai da hannunka, kuma suna ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da ba a matse shi ba don a ji daɗin gyarawa, kamar manyan.

An ce min sensar RX100 inci ɗaya ce. Ai ta fi ta DSLR girma kenan?

A'a. Sunan ne kawai, an gada daga zamanin tsofaffin kyamarorin talabijin masu kwalba. Sensar da ake kira inci ɗaya milimita 13.2 ce a tsawo, 8.8 a faɗi. Ta Nikon D3500 milimita 23.5 ce da 15.6, ta Canon 2000D kuma 22.3 da 14.9. Idan ka yi lissafi, fuskar sensar DSLR ta ninka ta ƙaramar kusan sau uku. Sony ce ta buɗe wannan kasuwa da RX100 ta farko a 2012, daga baya Canon da Panasonic suka biyo.

Akwai kuma ƙanana masu sensa irin ta DSLR, kamar Ricoh GR III da Fujifilm X100V, amma su gilashinsu ba ya jawo nesa kusa. Da ƙafarka za ka matsa.

To wacce ta fi fitar da hoto da dare, ko a cikin ɗaki?

Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki bayan sun riga sun biya kuɗi.

Sensa kamar faranti ce da aka ajiye a ruwan sama, gilashi kuma shi ne ƙofar da ruwan ke bi ya sauko. Babban faranti ya fi tara ruwa, amma idan ƙofar ƙanƙanuwa ce, girmansa bai yi masa rana ba. Girman ƙofar nan shi ne lambar da ake rubutawa f/1.8 ko f/5.6, kuma iya ƙanƙantar lambar iya faɗin ƙofar. Gilashin da ake haɗo wa DSLR a kwali, wato 18-55mm (iya girman lambar mm iya jawo nesa kusa), yana farawa ne daga f/3.5, idan ka jawo shi ƙarshe ya tsuke ya koma f/5.6. Na Canon G7 X kuwa daga f/1.8 yake farawa, ya ƙare a f/2.8. Hasken da f/1.8 ke shigarwa ya kusa ninka na f/3.5 sau huɗu. Ka ga rarar da DSLR ta samu ta girman sensa, gilashin kwali ya cinye ta.

Na taɓa gwada wannan a ɗakin amarya, daren da aka kai ta. Ƙwan fitila ɗaya ne a silin, bangon ɗakin an shafe shi da fenti ruwan hoda, kwanuka da kuloli jere a kabad suna ƙyalli. Na ɗauka da DSLR da gilashin kwali, na ɗauka da ƙaramar. Da na zauna na buɗe su a kwamfuta, ƙanwar amarya da ke tsaye a bayana ta kasa nuna wanne ne na babbar. Sai da na cire gilashin kwali na ɗaura 50mm f/1.8 sannan bambanci ya fito fili: lallen hannun amarya ya fito zane-zane, kabad ɗin baya ya narke ya zama launi kawai, tsaki-tsakin nan mai kama da yashi da ke ɓata hoton dare ya ragu sosai.

Saboda haka amsar ita ce, DSLR da gilashin kwali kaɗai ba ta fi ƙarama mai kyau ba a cikin duhu. DSLR da 50mm f/1.8 ta fi ta nesa ba kusa ba. Wanda bai da niyyar ƙara sayen gilashi, rabin dalilinsa na sayen DSLR ya tafi.

Megafiksel fa? Wayata ma 108 aka rubuta.

Bar batun nan. RX100 tana da 20, D3500 da 2000D suna da 24, kuma kowanne ya isa a wanke hoton da za a sa a babban firem na falo. Lambar waya talla ce fiye da komai.

Malam, sana'a nake son farawa, hoton biki da suna da walima. Wacce zan saya?

DSLR, ba tare da dogon tunani ba. Dalilan kuma ba duka ne na ingancin hoto ba.

Na farko, filasha. Wurin biki a ƙasar nan haskensa ba shi da tabbas. Ana cikin kamu a ɗauke wuta, a tada janareta, fitilun su koma rawaya, can kuma mai kiɗa ya kunna nasa masu ja da kore. Kana buƙatar babbar filasha da za ka ɗora a kan kyamara, ka karkata kanta zuwa silin haske ya dawo a hankali. G7 X da RX100, ban da RX100 II, ba su da wurin ɗora ta, 'yar filashar jikinsu kuma iyakarta taku kaɗan. Sai dai a kula: wasu Canon 2000D da 4000D da 250D an ƙera su babu ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, don haka ba kowace filasha ta wani kamfani ke aiki da su ba. Ka gwada a shago kafin ka biya.

Na biyu, riƙo. Awa shida kana ɗauka, hannu na gumi, mutane na ture ka. Babbar tana da marikin da ke cika hannu da maɓallan da yatsa ke samu ba sai ka duba ba. Ƙaramar santsi gare ta kamar sabulu.

Na uku shi ne wanda ba a rubutawa a takardar kyamara: idon jama'a. Na taɓa zuwa wani suna da ƙaramar kaɗai, don babbar tana wurin gyara. Ina shiga tsakar gida, wata dattijuwa ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, ina mai hoton? Ko kai aka aiko ka gaya mana ba zai zo ba?" Na ce, "Ni ne, Hajiya." Ta dubi abin da ke hannuna, ta juya ta ce wa jikarta ta ɗauko wayarta don ko-ta-kwana. Hotunan sun yi kyau, amma wajen biyan cikon kuɗi sai da aka nemi ragi. Mutanenmu suna biyan kuɗin abin da suka gani a wuyanka kafin su ga abin da ya fito.

Shawara ɗaya kan gilashi: 50mm a kan waɗannan kyamarori yana matsowa sosai, kamar 75 ko 80 ne a kyamarorin da sensarsu ta fi ta waɗannan girma, saboda haka a ƙaramin ɗaki za ka jingina da bango ba ka samu mutum uku a hoto ba. Mai Nikon ya nemi 35mm f/1.8, mai Canon ya duba 24mm f/2.8, shi kuma gilashin kwali a ajiye shi don hoton taro.

Ni ba sana'a zan yi ba. Yara ne, da tafiye-tafiye.

To ƙaramar ta fi dacewa da ke, ko da kai. G7 X Mark III gram 304 ce. D3500 da gilashinta ta haura gram 600, kuma dole sai da jakarta. A watan farko za a riƙa ɗaukarta ko'ina. A wata na uku sai ranar Sallah. Na san gidaje da dama da DSLR ke kwance a saman wadirof, batirin ya mutu, ba a ɗauki hoto dubu biyu da ita ba.

Akwai kuma batun kunya. Ka ɗaga babbar kyamara a kasuwa ko a taron dangi, kowa ya gyara zama, mata su ja mayafi, yara su taru su yi maka layi. Ƙaramar ba ta firgita mutane, kuma kusan ba ta ƙara, don haka za ka iya ɗauka a wurin ɗaurin aure ko wurin karatu ba tare da an waiwayo ba. Wannan ba izini ba ne na ɗaukar mutane a ɓoye. A nemi yardar mutum, musamman mata.

Wayata tana ɗaukar hoto mai kyau. Ina ma buƙatar ɗaya daga cikinsu?

Wataƙila a'a. Idan hotunanki a Instagram da WhatsApp za su ƙare, kuma da rana ake ɗauka, waya mai kyau ta isa. Inda ƙaramar kyamara ta fi waya shi ne jawo nesa da gilashi na gaske, launin fata da bai yi kama da an goge shi da dutsen guga ba, da filasha ta ainihi mai walƙiya maimakon 'yar tocilar waya. Mai sayar da atamfa ko turare ta intanet, kafin ta sayi kyamara, ta fara gwada ɗaukar kayanta kusa da taga da hantsi. Sau da yawa haske ne matsalar.

Ina son ɗaukar hawan Sallah. Dawakai suna gudu, kuma ba a bari a matso.

Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san abu uku ne ke gabansa: nisa, gudu, da ƙura. Gilashin G7 X iyakarsa 100mm, ba zai kawo maka fuskar mahayi ba. DSLR da 55-250mm na Canon ko 70-300mm na Nikon za ta kawo maka har adon linzami, kuma tagar leƙe tana taimakawa ƙwarai, don da tsakar rana allon baya ba ya ganuwa.

Amma kada a ɗauka DSLR ta masu farawa gwanar gudu ce. 2000D hoto uku take ɗauka a daƙiƙa, D3500 biyar. RX100 VII, wadda ta fito a 2019, tana kaiwa 200mm, tana ɗaukar ashirin a daƙiƙa, kuma tana bin abin da ke motsi fiye da su biyun. Matsalarta kuɗi, da kuma ƙura.

Ƙura fa? Lokacin hunturu ba ta lalata su?

Tana shiga duka biyun, bambancin yana wajen fitar da ita. A DSLR ƙura na shiga ne idan ka kwance gilashi. Za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a sararin sama cikin hotonka, ka ɗaga madubi, ka hura da 'yar robar hura iska, shi kenan, ko mai gyara ya goge maka cikin minti goma. A ƙaramar, gilashin yana fitowa yana komawa duk lokacin da ka kunna ko ka kashe, yana zuƙar iska kamar zugazugin maƙeri. Idan ƙura ta kai ga sensa, sai an warware kyamarar gaba ɗaya. Wata ƙarama da na taɓa riƙewa haka ta ƙare: tsakuwa ƙanƙanuwa ta maƙale a bakin gilashin bayan wata tafiya a kan babur, ya fito ya ƙi komawa, kuɗin gyaran da aka yanka min ya kusa rabin kuɗinta.

Don haka kada ƙaramar ta zauna tsirara a aljihu tare da makulli da ɓawon goro. A sa ta a 'yar jaka mai zif. Mai DSLR kuma kada ya canja gilashi a fili lokacin da iska ke kaɗawa, ya shiga mota ko ɗaki, bakin kyamarar na kallon ƙasa. Da damina kuma a sa musu 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, don gilashi na yin fumfuna.

Batir? Ka san halin wutarmu.

Nan DSLR ta yi musu fintinkau, domin tagar leƙenta ba ta cin wuta. Nikon ta ce D3500 na ɗaukar hoto 1,550 a caji ɗaya, 2000D kusan 500. Ƙananan galibi tsakanin 200 da 'yan kai ne zuwa 300 da wani abu. Sai dai RX100 ana iya cajinta ta USB, da fawa bank ko a mota, ita kuwa D3500 dole a cire batir a sa a cajarsa a jona a bango. Kowacce ka saya, ka haɗa da batir na biyu.

Bidiyo nake so, don YouTube da TikTok.

D3500 da 2000D ba don wannan aka yi su ba. Ba su da ramin makirfo, allonsu ba ya juyowa, ba sa ɗaukar 4K, kuma idan kana motsi suna wahala wajen riƙe fuskarka. G7 X Mark III tana da allo mai ɗagowa sama ka ga kanka, da ramin makirfo, da 4K. Idan DSLR kake so dole, Canon 250D ce mai allo mai juyawa da ramin makirfo da bin fuska mai kyau.

Ƙananan suna da lalurar zafi. Jikinsu ƙarami ne, ba inda zafi zai fita, har wasu RX100 an ƙayyade musu minti biyar a 4K. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, wanda zai ɗauki wa'azi ko lacca ta awa guda ya nemi wata hanyar. DSLR ɗin ma tana yanke bidiyo kafin ya cika minti talatin.

Ai ƙaramar ta fi arha ko?

Akasin haka ne sau da yawa. D3500 da gilashinta ta fito a 2018 kan kusan dala 500. G7 X Mark III ta fito kan kusan dala 750, RX100 VII kan dala 1,200, Fujifilm X100VI ta 2024 kan kusan dala 1,600. Ƙari a kan haka, farin jinin da G7 X ta yi a wurin matasa a TikTok ya sa ta yi wuyar samu, na hannu ma suka yi tsada.

Sai dai kuɗin ƙaramar sau ɗaya ne. DSLR kuwa kamar sayen akuya ce, bayan ta shigo gida sai dusa: gilashi na biyu, filasha, batirin filasha, jaka, mai ƙafa uku. Ka lissafa duka kafin ka ce ta fi sauƙi.

Na ji an daina ƙera DSLR. Ba asara zan yi ba?

Gaskiya ne kamfanonin sun juya ga marasa madubi, wato waɗanda ake canja musu gilashi kamar DSLR amma babu madubi a cikinsu. Nikon ta dakatar da D3500 da D5600, Canon kuma ta mai da ƙarfinta kan jerin R, irin su R50 da R100. Amma wannan ne ma ya sa na hannu suka cika kasuwa, da gilasai masu yawa a farashi mai sauƙi, kuma masu gyara sun san cikinsu. Gilasan Canon EF suna hawa kan sababbin R da adafta, na Nikon kuma akwai adaftar FTZ. Wanda kuɗinsa ya kai, musamman mai son haɗa hoto da bidiyo, ya duba marar madubi kafin ya yanke shawara. Wanda bai kai ba, DSLR ta hannu za ta ciyar da shi shekaru.

Idan ta hannu zan saya, me zan duba?

Ka tafi da katin memori naka, kada ka yarda da "an gwada, lafiya lau take".

A DSLR, fara da adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Irin waɗannan galibi ana kiyasta musu kusan 100,000 kafin shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga idan ka danna, ta gaji. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, na Canon sai an jona ta da kwamfuta. Wadda ta fito daga hannun mai hoton biki ta sha aiki ko da jikinta na ƙyalli, don haka ka dubi robar mariƙi da rubutun maɓallai, su ba sa ƙarya. Ka saita f/16 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton sosai ka nemi ɗigo. Ka cire gilashi ka haska tocilar waya ta cikinsa, idan ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ka ajiye. Mai sayen Nikon D3500 da 'yan uwanta ya duba rubutun jikin gilashin ya tabbatar AF-S ne ko AF-P, don tsofaffin AF-D ba sa saita kansu a kan waɗannan, kuma AF-P ɗin ma ba ya aiki da tsofaffin jiki irin D3100.

A ƙaramar, ka kunna ka kashe sau goma kana saurare. Gilashin ya fito ya koma sumul, ba gurnani, ba tsayawa a hanya, 'yan ganyen da ke rufe bakinsa su rufe ruf. Ka duba kusurwoyi ko akwai alamar faɗuwa. Ita ma ka yi mata gwajin farin bango, don ɗigon da ka gani a nan ba na hurawa ba ne.

Ta yaya hoto zai dawo wayata? Masu biki ba sa jira.

2000D da ƙananan na baya-bayan nan suna da Wi-Fi. D3500 Bluetooth kaɗai gare ta, kuma ƙananan kwafi take turawa ta manhajar SnapBridge. Abin da ya fi sauri shi ne 'yar na'urar karanta kati da ake jonawa a gindin waya, ba ta da tsada, kuma ba ruwanta da sabis. Idan za ka tura wa mai biki ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ba. In ba haka ba manhajar za ta matse shi, gobe uwar amarya ta kai a wanke mata babba ya fito dishi-dishi, kuma kai za a kira.